Allurar Rage Ƙiba, Ƙwayar Suga da Ƙarfin Ƙafar Tsoho

Labarin allurar nan da ake yi sau ɗaya a mako, wadda aka ce tana sauke suga, tana narkar da teɓa, har ma tana jinkirta tsufa, ya riga allurar kanta isowa ƙasar Kabi. Ana jin sa a rediyo, ana ganin sa a waya, sai ka ji ɗa da ke aiki a Abuja ya bugo gida yana cewa, "Inna, ko in sayo wa Baba allurar nan ne?" Ƙauna ce ta kawo tambayar, kuma akwai gaskiya mai yawa a labarin. Sai dai amsar da ta dace da Alhajin da ya ajiye tumbi a shagonsa na kasuwar Jega dabam take da wadda ta dace da tsohon manomin albasa na Aliero, wanda ba shi da naman da zai zubar. A ganina, duk maganin da za a ce yana kyautata tsufa, abu ɗaya za mu tambaya a kansa: zai bar dattijo yana tashi daga tabarma ba tare da an kama shi ba, ya ɗauki butarsa, ya taka zuwa masallaci da ƙafarsa? Da wannan zan auna magungunan, ba da sikeli ba.

Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa tsawon ran ɗan Najeriya a wajen shekara 54, amma mace-macen ƙananan yara ne ke jan adadin ƙasa. Wanda Allah Ya kai shi sittin, galibi yana da sauran shekaru goma sha wani abu a gaba. Ajali na Allah ne. Abin da bawa ke nema shi ne yadda shekarun za su kasance, a tsaye ko a kwance, kuma ciwon suga na cikin manyan abubuwan da ke kwantar da mutum tun lokacinsa bai yi ba. Idan suga ya daɗe da yawa a jini, hanyoyin jinin yake ci a hankali. Ƙananan hanyoyin su ne na ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa, shi ya sa gani ke dushewa, ƙafa ta mutu har ƙaya ta soki mutum bai ji ba, gyambo ya ƙi warkewa. Manyan su ne na zuciya da ƙwaƙwalwa, inda shanyewar ɓarin jiki ke fitowa, balle idan hawan jini ya haɗu da shi. Da yawa daga cikin waɗannan mukan jingina su ga shekaru, mu ce "ai girma ne," alhali ciwo ne mai suna, mai magani.

Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 3.6 ne ke da ciwon a Najeriya, kuma fiye da rabin masu shi a Afirka ba su san suna ɗauke da shi ba. Binciken da ya fi kusa da mu a Sakkwato aka yi shi. Dokta Anas Sabir da abokan aikinsa na asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo sun auna Fulanin birni, suka tarar kashi 4.6 cikin 100 na da ciwon, sannan suka auna Fulanin karkara, suka tarar kashi 0.8 kacal. Jinin ɗaya ne, rayuwar ce ta bambanta. Kuma rayuwar birnin tana bin kwalta tana shiga ƙauyukanmu. Jega mahaɗar hanya ce tun tuni, Maiyama na kan titin da ya nufi Koko da Yauri. Babur ya karɓe tafiyar ƙafa. Farar shinkafa da inji ya goge ta ture tuwon dawa da na gero a gidaje da yawa, balle tun 2015 da aka ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa a Birnin Kebbi. Ga shayin safe da na dare mai kauri da suga, ga lemon kwalba a kowane suna da biki. Shinkafa arzikin jiharmu ce, ba na zagin ta. Malmalar ce ta ƙaru yayin da gumin ya ragu.

Tsohon magani shi ne metformin, farar ƙwayar nan da kusan duk mai suga ya sani. Asalinsa wata ciyawa ce da masu maganin gargajiyar Turai suka daɗe da ita, kuma wani likitan Faransa, Jean Sterne, ya gwada shi a kan masu ciwon a 1957. Yana hana hanta zuba suga fiye da kima cikin jini, kuma idan shi kaɗai ake sha ba kasafai yake faɗar da suga ƙasa warwas ba. A 1998 wani dogon bincike a Birtaniya ya nuna cewa a cikin masu suga masu ƙiba, ya rage bugun zuciya da kashi 39 cikin 100, ya rage mutuwa da kashi 36, idan aka kwatanta da waɗanda aka bari a kan gyaran abinci kawai. Maganar cewa yana hana tsufa kuwa ta yi ƙarfi ne a 2014, lokacin da masana a Jami'ar Cardiff suka duba bayanan asibitoci, suka ga kamar masu suga da ke shan sa sun ɗan fi marasa ciwon daɗewa a duniya. Daga nan Farfesa Nir Barzilai na New York ya tsara gwajin da ake kira TAME, na mutum 3,000 masu shekaru 65 zuwa 79, don a gani ko ƙwayar za ta jinkirta cututtukan tsufa. An yi shekaru ana neman kuɗin gudanar da shi, domin magani ne mai arha da babu kamfanin da zai ci ribar tabbatar da shi.

Abin da aka riga aka gani a hannu bai kai yadda ake kururutawa ba. Da masu bincike a Denmak suka sake bin sawun maganar a 2022, har da tagwaye a cikin waɗanda suka duba, ba su sami abin da aka gani a Cardiff ba. A Amurka, gwajin rigakafin suga da aka fitar a 2002 ya raba mutanen da ke bakin kamuwa: metformin ya rage kamuwa da kashi 31, amma tafiyar minti 150 a mako da rage cima sun rage ta da kashi 58, a wurin waɗanda suka haura sittin ma har kashi 71. An bi mutanen nan sama da shekara 20, ba a ga ƙwayar ta rage mutuwa ba. Wani gwaji na 2019 ya nuna tsofaffi masu lafiya da ke motsa jiki ba su tara tsoka sosai idan suna shan sa, sannan shan sa na shekaru yana rage bitamin B12, wanda ƙarancinsa ke kawo mutuwar ƙafa da mantuwa. Saboda haka ga mai suga, metformin shi ne tushen magani, a riƙe shi kullum muddin ƙoda na da ƙarfin ɗaukarsa. Dattijon da ba shi da suga kuwa ba shi da hujjar sayen sa don gudun tsufa.

Maganin da nake ganin ya fi cancantar a yi ta maganarsa a yankinmu ba shi da suna a bakin mutane. Ƙwayoyi ne irin su empagliflozin da dapagliflozin, masu sa ƙoda ta zubar da rarar suga cikin fitsari. A 2015 aka fitar da sakamakon gwajin empagliflozin a kan mutum 7,020 masu suga da ciwon zuciya: mutuwa ta dalilin zuciya ta ragu da kashi 38, kwanciya asibiti saboda gazawar zuciya ta ragu da kashi 35. Gwaje-gwajen 2019 da 2020 suka ƙara nuna cewa dapagliflozin na kare zuciya da ƙoda ko ga wanda ba shi da suga, kuma a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa wannan rukuni cikin jerin magungunan da bai kamata wata ƙasa ta rasa ba. Duk wanda ya ga yadda iyali ke jigilar mahaifinsu daga Maiyama zuwa Birnin Kebbi ko Sakkwato sau biyu ko uku a mako don wankin ƙoda, har gona ta tafi, shanu su bi ta, ya san darajar ƙwayar da za ta jinkirta wannan rana da shekaru. Ƙwaya ce, ba ta neman firji. Amma tana da sharaɗi a ƙasa mai zafi kamar tamu: tana ƙara fitsari, don haka a bazara, lokacin da zafi ke haura maki 40, tsohon da ba ya shan ruwa sosai zai iya bushewa, jiri ya kayar da shi. Ana dakatar da ita idan amai ko gudawa ko zazzaɓi mai tsanani ya kama mutum. Takan kawo ƙaiƙayin gaba. Ga wanda jikinsa ba ya samar da isasshen insulin kuma, tana iya sa jini ya yi tsami, wanda hatsari ne na rai.

Sai allurar da ta kawo maganar. Hanjin ɗan Adam na fitar da wani sinadari bayan cin abinci, mai suna GLP-1, wanda ke sa a saki insulin, ya rage saurin fitar abinci daga tumbi, ya sanar da ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi. Na jikinmu minti kaɗan yake yi ya lalace. A 1992 wani likita a New York, John Eng, ya bayyana makamancinsa mai daɗewa a dafin wani ƙadangaren hamadar Amurka, kuma daga nan aka sami maganin farko a 2005. Semaglutide na kamfanin Novo Nordisk ya fito da sunan Ozempic a 2017 don suga, da sunan Wegovy a 2021 don ƙiba. Tirzepatide na kamfanin Eli Lilly ya biyo baya a 2022 da sunan Mounjaro. Semaglutide ya rage kusan kashi 15 na nauyin jiki cikin mako 68, tirzepatide ya kai wajen kashi 21 cikin mako 72. Abin da ya sa likitocin tsofaffi suka waiwayo shi ne gwajin semaglutide na 2023 a kan mutum 17,604 masu ƙiba da ciwon zuciya amma ba su da suga, inda bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ta dalilinsu suka ragu da kashi 20. A 2024 gwajin mutum 3,533 masu suga da ciwon ƙoda ya nuna ragin kashi 24 a munanan matsalolin ƙoda. An kuma ga sauƙi a ciwon gwiwa da shaƙewar numfashi cikin barci.

Wannan ba ƙaramin alheri ba ne. Ga Alhaji ɗan shekara 55 mai tumbi, mai suga da hawan jini, wanda likita ya ce ƙodarsa ta fara yoyo, ko Hajiyar da gwiwa ta hana ta tsayuwa a salla saboda nauyi, allurar na iya zama bambanci tsakanin shekaru goma na kasuwa da shekaru goma na jinya. Amma kare zuciya da ƙoda abu ne dabam da tsayar da tsufa. An sa ran za ta taimaka wa masu gigin tsufa. A Nuwamba 2025 kamfanin Novo Nordisk da kansa ya sanar cewa manyan gwaje-gwaje biyu na ƙwayar semaglutide a kan masu cutar Alzheimer ba su nuna ta rage ci gaban cutar ba. Sannan magani ne na zama da shi: waɗanda suka daina sun mayar da kashi biyu cikin uku na nauyin da suka zubar cikin shekara guda.

Babbar damuwata ita ce tsoka. Idan mutum ya rame da allurar nan, ba kitse kaɗai ke tafiya ba. Awon da aka yi a gwaje-gwajen ya nuna tsakanin rubu'i zuwa kusan kashi 40 na nauyin da ya zube ba kitse ba ne, kuma tsoka na cikinsa. Matashi zai iya mayar da ita. Tsoho kuwa dama shekaru na zaizaye tasa, idan ya daina allurar kuma kitsen ne ke saurin dawowa. Mu a wannan yanki mun fi kowa sanin ƙarshen wannan hanya, domin Aliero ta yi suna da maɗora, daga nesa ake kawo musu masu karaya. Karayar matashin da ya faɗi daga babur takan haɗe. Tsohuwar da santsi ya kwashe a makewayi ta karye a ƙugu, sau da yawa daga wannan kwanciyar ba ta sake miƙewa. Abin da ke tsare ta daga faɗuwar tun farko shi ne naman cinya da na ɗuwawu. Akwai gwaji mai sauƙi da likitocin tsofaffi ke yi, wanda kowane gida zai iya: mutum ya zauna a kujera, ya rungume hannuwansa, ya tashi ya zauna sau biyar. Idan ya wuce daƙiƙa 15, ƙarfin ya fara tafiya. Wanda ya kasa wannan, kashe masa sha'awar abinci ba taimako ba ne. Wanda ya wuce gwajin kuma likita ya ɗora shi a kan allurar, sai ya dage da wake da ƙwai da kifi da nono da ƙuli-ƙuli, ya riƙa aikin da ke sa tsoka ta ji nauyi. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tsokar da za ta riƙe ɗan saba'in tun yana ɗan hamsin ake tara ta.

Akwai kuma abin da tallar ba ta faɗa: mutanen da aka gwada allurar a kansu galibi masu jiki ne. A ƙauyukanmu kuwa an saba ganin mai suga siriri, wanda ƙishirwa da yawan fitsari suka riga suka tsotse. A Afrilun 2025, a taronta na Bangkok, Ƙungiyar Ciwon Suga ta Duniya ta amince da wani nau'i na biyar na ciwon, wanda ke da alaƙa da yunwar da mutum ya sha tun yana yaro, har gaɓar da ke samar da insulin ta kasa girma yadda ya kamata. Irin wannan mutum ƙarancin insulin ke damun sa, ba yawan kitse ba. A yankin da tamowa ta daɗe tana cin yara, dole a sa ran samun irinsu. Ba su allurar rage ƙiba cutarwa ce. Hasali ma, duk tsohon da ke ramewa ba da niyya ba, asibiti ya kamata a kai shi a nemi dalili, ko suga ne, ko tarin fuka, ko wani abu.

Idan da za a ce in zaɓi gyara guda ɗaya da zai fi saurin ceton tsofaffinmu, ba sabon magani zan zaɓa ba. Zan ce a sake duba glibenclamide, wanda aka fi sani da Daonil. Yana da arha, yana sauke suga da ƙarfi, amma yana daɗewa a jiki, kuma a wurin tsoho mai raunin ƙoda ko wanda bai ci abinci a kan lokaci ba, yakan faɗar da suga har mutum ya yi gumi, ya rikice, ya suma. Gida sai a ɗauka iska ce ko gigin tsufa. Jerin magungunan Hukumar Lafiya ta Duniya ya bayyana cewa bai dace da wanda ya haura shekara 60 ba, gliclazide ya fi. Kuma tun 2008 wani babban gwaji a Amurka da Kanada ya nuna cewa matsa wa suga lamba fiye da kima a wurin masu ciwon zuciya ya ƙara mutuwa maimakon rage ta. Shi ya sa ake sassauta wa raunanan tsofaffi. Hatsarin faɗuwar suga ya fi fitowa a watan azumi. Ƙa'idojin da likitoci suka tsara tare da fatawar malamai sun ce a sha ruwa idan suga ya faɗi ƙasa da 70 ko ya haura 300, kuma ɗigon jinin yatsa don awo ba ya karya azumi. Dattawanmu kan ji nauyin shan ruwa da rana. Aikin 'ya'ya ne su kai su wurin likita a gyara lokacin magani tun Sha'aban bai fita ba.

Sai wani abin takaici da ke tafiya ta ɗaya gefen. Yayin da duniya ke neman maganin rama, a kasuwanninmu maganin ƙiba ake nema, domin har yanzu idan mace ta cika ana cewa ta samu hutu, idan ta rame a ce gidan miji bai karɓe ta ba. Ƙwayoyin da ake kira "sha ka fashe" sau da yawa dexamethasone ne da danginsa. Wannan magani ne mai amfani a hannun likita, amma shan sa wata da watanni yana kumbura fuska, ya tara kitse a ciki, ya sirantar da hannu da ƙafa, ya ɗaga suga da jini, ya rage ƙarfin ƙashi. Duk abin da ake tsoro a tsufa yana kawo shi da wuri. Amaryar da ta sha shi yau ita ce mai suga a shekara arba'in.

Ga batun aljihu. A 2024 farashin Ozempic na wata guda a Amurka ya kusa dala 1,000, fiye da naira miliyan ɗaya. Ko a Jamus, inda ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuɗin wata ya haura naira 75,000 da gwamnatin Kebbi ta sa a matsayin mafi ƙarancin albashi a wannan shekarar. Ana kuma ajiye allurar a firji kafin a fara amfani da ita, bayan an fara ma ba a son zafi ya wuce maki 30, a garuruwan da wuta ke zuwa jefi-jefi. Tun da aka saki farashin naira a 2023, kamfanonin GSK da Sanofi kuma suka janye daga sayar da magani kai tsaye a Najeriya, tsofaffin magungunan ma sun yi tsada, har masu suga da yawa suna shan ƙwaya yau su tsallake gobe, ko su koma shuwaka da zogale kaɗai. Metformin da ake sha kullum, da ƙwayar hawan jini, da awon ƙoda da ido da duba ƙafa sau ɗaya a shekara, sun fi allurar wata biyu da za a yanke saboda kuɗi sun ƙare. Nan ne ya kamata hukumar inshorar lafiya ta jiha, KECHEMA, ta sa ƙarfinta, ta kuma shigar da dapagliflozin ga masu raunin ƙoda. Ɗaliban kwalejin kiwon lafiya ta Jega, waɗanda su ne za su zauna a ƙananan asibitocin ƙauye, su fito sun iya awon suga da gwajin kujerar nan, sun san wane magani ne ba a bai wa ɗan saba'in.

Tsadar ba za ta dawwama ba. Wani nazari na 2024 ya ƙiyasta cewa ana iya haɗa semaglutide na wata guda a ƙasa da dala 5. A Satumba 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi cikin jerin magungunan dole, amma ga masu suga da ke da ƙiba tare da ciwon zuciya ko na ƙoda, ba ga kowa ba. Haƙƙin mallakar da ya hana wasu kamfanoni yin sa kuma wa'adinsa 2026 ne a Indiya da Sin da Brazil, kuma daga Indiya yawancin magungunanmu ke fitowa. Tare da mai arha, jabu ma zai shigo; Hukumar Lafiya ta Duniya ta riga ta yi gargaɗi a Yunin 2024 kan jabun Ozempic da aka kama a Brazil da Birtaniya da Amurka, kuma a wasu ƙasashe an tarar da insulin a cikin irin waɗannan allurai, wanda ke iya sumar da mai lafiya. Lasisin mai kemis bai ba shi damar sayar da maganin da sai da takardar likita ba. Ya kamata NAFDAC da Majalisar Masu Haɗa Magunguna da ma'aikatar lafiya ta Kebbi su zauna da ƙungiyoyin masu kemis na Jega da Aliero da Maiyama tun yanzu, a tsayar da cewa ba mai karɓar allurar nan sai an auna sugansa da ƙodarsa da nauyinsa, likita ya sa hannu.